Juya Jeri: Kalma Ɗaya Ba Ta Wadatar Ba

'Yan'uwa ɗalibai, da ku magabatanmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, akwai wata 'yar magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, muka ga ya kamata mu baje ta a wannan fitowa. Duk wanda ya zauna ajin farko na ilmin kwamfuta, ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda, ya san tambayar nan da ba ta tsufa: ga jerin abubuwa, a juya shi, na ƙarshe ya koma farko, na farko ya koma ƙarshe. Yau da yawa daga cikinmu kalma ɗaya muke rubutawa, watau reverse, na'ura ta yi aikin, mu karɓi maki mu kama gabanmu. Wasu ma ba su kai ga wannan wahala, sai su miƙa tambayar ga manhajar nan mai amsa kome, su kwafe. Mu kuwa ra'ayinmu shi ne, ɗalibin da bai iya yin aikin nan da hannunsa a kan allo ba, bai cancanci makin ba, ko da amsar da ya kawo daidai ce.

Bari mu fara da aikin kansa. Abin da masana ke nufi da jeri bai wuce gurabun dara ba: ramuka ne a layi ɗaya, kowane da lambarsa, kowane yana ɗauke da abu guda. To, mu ɗauki hanyar da kowa ya sani. Direban da ya taso daga kudu zai bi Funtuwa, Yankara, Tsafe, Kwatarkwashi, Gusau, Bunguɗu, Maru. Gurbi bakwai ke nan. In zai komo, yaron mota yana bukatar jerin a juye. Sai a ɗora yatsa ɗaya kan Funtuwa, ɗaya kan Maru, a musanya su. Yatsun su matso ciki, a musanya Yankara da Bunguɗu. Su ƙara matsowa, a musanya Tsafe da Gusau. Yanzu yatsun sun haɗu a kan Kwatarkwashi, shi kuwa kamar dutsensa yake, ba inda za shi. Musaya uku ta gama gari bakwai, kamar yadda 500 za ta gama jerin abu 1,000.

A nan ne wanda ya haddace ba tare da fahimta ba yake faɗawa rami. Ya ga gurbi bakwai, sai ya umurci na'ura ta zaga sau bakwai. Bayan ta wuce tsakiya sai ta sake musanya Gusau da Tsafe, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da kowa gidansa na asali. Na'ura ba za ta yi ƙorafi ba, ba za ta nuna alamar kuskure ba. Za ta miƙo jerin yadda aka ba ta shi, shi kuwa gogan ya kwana yana zargin kwamfutar makaranta. Haka kuma musayar kanta tana da sharaɗi. Matar da ke da ƙwaryar nono da ƙwaryar fura, in tana so ta sauya musu mazubi, dole ta nemo ƙwarya ta uku. Wanda ya zuba Maru a gurbin Funtuwa bai ajiye Funtuwa a gefe ba, ya shafe ta ke nan, jerinsa ya tashi da Maru biyu.

Sai batun ƙidaya, wanda ya sha raba kan malamai. Harshen Fortran, da ya fito a 1957, daga 1 yake fara lissafin gurabu, alhali C da Python daga sifiri suke farawa. Har Edsger Dijkstra, masanin nan na ƙasar Holan, ya rubuta 'yar takarda a 1982 yana kāre farawa daga sifiri. A jerinmu na gari bakwai, in daga sifiri aka fara, lambar gurbi da ta abokin musayarsa kullum 6 suke tashi. In daga 1 ne, 8. Wanda ya ruɗa biyun nan zai miƙa hannu gurbin da babu shi.

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba mu raina shi ba. Za a ce zamanin kunu ya wuce, wanda yake da injin niƙa me zai kai shi dutsen niƙa? Gaskiya ne. A bakin aiki mu ma umurnin da aka tanada za mu yi amfani da shi, domin dubban mutane sun gwada shi, ya fi abin da za mu ƙaga da tsakar dare inganci. Amma fa umurnin nan ba hali ɗaya gare shi ba a ko'ina. A Python yana juya jerin ne a inda yake, ba ya mayar da kome; ɗalibin da ya ce a ɗora abin da umurnin ya mayar a kan sunan jerin, zai duba ya tarar da wayam, jerin ya salwanta. A JavaScript kuwa yana juya na asalin ne ya kuma miƙo shi, mutum ya ɗauka sabon kwafi ya samu, ashe tushen ya taɓa. Sai a 2023 aka shigar da wani umurni dabam, toReversed, mai barin na asali lafiya. Wa zai lura da wannan bambanci, in ba wanda ya taɓa tambayar kansa ko a cikin gurabun ake musayar ko wasu sababbi ake haƙawa ba?

Ku kuma ma'aikata, kada ku ce wannan rigimar 'yan makaranta ce. A ce akawu ne a wata sakatariyar ƙaramar hukuma, yana riƙe da jeri biyu, ɗaya na sunayen malaman firamare, ɗaya na lambobin asusunsu na banki. Maigidansa ya ce a kawo sababbin ɗauka sama. Ya juya jerin sunaye, ya mance da na asusu. Jimlar kuɗi ba ta canja ko kwabo ba, saboda haka mai binciken lissafi da ke duban ƙasan takarda zai sa hannu da zuciya ɗaya. Amma albashin hedimasta mai shekara talatin a bakin aiki ya tafi aljihun yaron da aka ɗauka bara, kuma in adadin ma'aikatan mara ne, mutum ɗaya tak, na tsakiya, shi ne zai sami haƙƙinsa. Kafin a gano, an yi sallah. Irin wannan ɓarna ba ta bukatar ɓarawo, kuma wanda za a kira gaban kwamiti shi ne akawun, na'ura tana nan kan tebur abinta.

Akwai kuma wani abu da littattafan da ake kawo mana daga Ingila da Amurka ba za su faɗa mana ba, don ba damuwarsu ba ce. Kalma ma jeri ce a wurin na'ura. Juya Tsafe baƙi bayan baƙi, sai "ts" ɗin da muka sani sauti ɗaya ne ya tsage biyu ya kife. Wannan ma da sauƙi. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kuma mafi yawan rubutun intanet a kansa yake, baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu gurbi biyu yake ci, alhali b da d da k ɗaya ɗaya suke ci. Wanda ya kwafo dabarar juya kalma ta harshen C daga littafin Turanci, ya gwada ta kan London, zai ga ta yi. Ranar da ya ba ta Ƙaura ko Bunguɗu, za ta kifar da rabi biyun baƙin nan, allo ya nuna wata alama da ba ta kowane harshe ba. Mu da sunayen iyayenmu da garuruwanmu ke cike da baƙaƙen nan, in ba mu san cikin aikin ba, wa muke jira ya gyara mana?

Kada kuma a fake da rashin wutar lantarki ko ƙarancin na'urori a ɗakin gwaji. Wannan darasi da tsakuwa bakwai da ramuka bakwai a gindin dalbejiya ake koyonsa, kuma wanda ya koye shi haka, in ya zauna gaban na'ura minti goma ya ishe shi.

Saboda haka roƙonmu ga shugabannin sassan ilmin kwamfuta, wanda muke so wakilan ƙungiyarmu su kai musu a rubuce kafin jarrabawar zangon nan, abu biyu ne. A ajin farko, tambayar juya jeri ta zama ta alli da allo, ɗalibi ya nuna halin gurabun bayan kowace musaya, ya kuma faɗi dalilin tsayawarsa a tsakiya. Sa'an nan duk aikin da aka ba mu na sarrafa kalmomi, a gwada shi da sunaye goma na garuruwan jihar nan, kuma lalle Ƙaura Namoda da Bunguɗu su kasance a ciki.