Ƙaunar da Ba Ta Barin Maciji a Rijiya

Ɗan'uwa mai karatu, akwai wata koyarwa da take yaɗuwa a cikinmu, mai daɗin ji, mai kuma haɗari. Masu ita suna cewa Allah na annabawa mai fushi ne, Allah na Bishara kuwa mai ƙauna, saboda haka gara mu tsallake Nahum da Ezekiyel da Wahayin Yahaya, mu tsaya a wuraren da ba a ambaci takobi ba. Wannan magana ba sabuwa ba ce. Markiyon ya yi ta a Roma, ya yi watsi da Tsohon Alkawari dungum, ikilisiya kuwa ta fitar da shi wajen shekara ta 144. Tertuliyan, mutumin Afirka ta Arewa, ya rubuta littattafai biyar yana rushe ta. Ga shi yau ta komo da sabuwar riga.

Amsarta tana nan kusa da mu, a bakin rijiyar Kusugu ta Daura. Ka san labarin da kakanni suka bar mana. Maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar, ba mai ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare, ya roƙi ruwa, ta ce babu. Ya karɓi guga ya tafi, da macijin ya ɗago kai ya sare shi da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Tun daga zamanin Magajiya Daurama har yau, ka taɓa jin wanda ya kira wannan aiki mugunta? Ka ɗauka baƙon ya ce shi mai salama ne, ya yi wa macijin fatan alheri, ya hau dokinsa ya wuce. Da wane suna matan Daura za su kira shi, su da suke kwana shida suna lallashin 'ya'ya masu kukan ƙishirwa? Wanda ya iya cire maciji ya ƙi, ba tausayi ya yi ba, ya dai zaɓi maciji ya bar masu ƙishi.

Da wannan ido ka karanta Nahum. Nineba ba garin bayin Allah ba ne da tsautsayi ya faɗa wa. Sarakunan Assuriya da kansu suka sa aka sassaƙa ta'asarsu a kan duwatsu don alfahari. Allunan da suke nuna yadda Sennakerib ya ci Lakish a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu suna gidan tarihin Birtaniya a Landan, da siffofin mutanen da aka tsire da waɗanda ake feɗewa. Da Nineba ta faɗi a 612, al'ummai da yawa suka yi ajiyar zuciya. Wanda bai taɓa kwana a daji don gudun mahara ba, shi ne yake ganin annabcin Nahum ya yi tsanani. Je ka tambayi iyayen yara fiye da 300 da 'yan bindiga suka kwashe daga makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ko sun so Allahn da yake kallo bai damu ba. Wanda aka zalunta, labarin shari'ar Allah bishara ce a kunnensa.

Za ka ce, ai maciji dabba ne, Nineba kuwa mutane ne, har da jarirai. Gaskiyarka, kuma wannan tambaya tana da nauyi. Amma Allah ya riga ka yin ta. Shi ne ya aiki Yunusa zuwa wannan birni tun kafin zamanin Nahum, da suka tuba ya janye hukunci. Annabin ne ya yi fushi, Allah kuwa ya tsawata masa, yana tuna masa da mutum fiye da 120,000 da suke ciki, har da dabbobinsu. A Ezekiyel 33:11 Ubangiji ya rantse da zatinsa cewa mutuwar mugu ba ta faranta masa rai, tubarsa yake so. Lura da wannan: mai niyyar hallaka ka ba ya aiko maka da gargaɗi. Kowace barazana a bakin annabi ƙofa ce da aka bari a buɗe. Yesu ma, da ya faɗi rushewar Urushalima wadda ta auku a shekara ta 70, da hawaye ya faɗe ta, kamar yadda Luka 19 ya nuna.

Sai dai akwai kuskure na biyu, wanda ya fi na fari muni. Wasu sukan karanta annabawa su ɗauka su ne Bayajida, maƙwabcinsu kuwa shi ne macijin. Sukan ɗauko ayoyin hukunci su yi addu'ar wuta a kan wata ƙabila ko wani addini. Yakubu da Yahaya sun nemi yin haka ga wani ƙauyen Samariyawa, Ubangiji ya juya ya tsauta musu. Bulus ya hana mu ramuwa a Romawa 12, dalilinsa kuwa shi ne sakayya ta Allah ce. Ka ga ashe gaskata shari'ar Allah ita ce take ƙwace wuƙa daga hannunka. Wanda bai yarda akwai ranar sakamako ba, shi ne yake gaggawar rama wa kansa tun yau. Kada ka manta kuma, yawancin faɗakarwar Amos da Irmiya a kan jama'ar Allah suka sauka, a kan masu sujada da safe su danne matalauci da rana.

To, ina takobin ya sauka a ƙarshe? A nan ne misalin Kusugu ya gaza, Bishara ta wuce shi. Bayajida ya kashe maciji ya fita lafiya, ya auri sarauniya. Almasihu kuwa ya tarar dafin ya riga ya shiga jinin masu ɗiban ruwan, wato ni da kai. Ishaya 53 ya nuna Bawan Ubangiji yana ɗaukar hukuncin da ya cancance mu. A kan gicciye fushin Allah a kan zunubi da ƙaunarsa ga mai zunubi suka haɗu a jiki ɗaya. Shi ya sa a Wahayin Yahaya, wanda aka ba ikon buɗe hatiman shari'a Ɗan Rago ne mai alamar yanka. Littafin kuma bai ƙare da yaƙi ba. Bayan an jefar da tsohon macijin nan, sai kogin ruwan rai, da kira ga duk mai ƙishi ya zo ya sha kyauta, ba ranar Juma'a kaɗai ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka ji kunyar annabawa, kada kuma ka mai da su makami. Karanta su a durƙushe. Fara da tuba a kan naka zunubi, ka yi addu'a domin waɗanda aka kora daga gonakinsu, ka yi kuma domin masu korarsu, ko Allah ya ba su tuba irin ta Nineba tun ƙofa tana buɗe. Ubangiji ya ba mu zuciyar da take rawar jiki a gaban shari'arsa, take kuma hutawa cikin ƙaunarsa. Amin.