Rage Darussa Dabam, Haɗa Su Dabam

A ƙarshen watan Agusta 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwa cewa an sake manhajar makarantu, har ya zama yaran aji ɗaya zuwa uku na firamare ba za su wuce darasi tara ko goma ba. Wannan ba shi ne karo na farko ba. Hukumar NERDC mai tsara manhaja ta yi irinsa a 2012, aka fara aiki da shi a 2014. A sa'an nan ne aka zuba aikin gona da kula da gida cikin ƙwarya guda, aka kuma tara addini da zaman jama'a da tsaro a ƙarƙashin suna ɗaya, abin da ya jawo gardama har aka ware addini a 2017.

Waɗansu malamai sun zaci wannan shi ne koyarwa bisa jigo. Ba shi ba ne. Haɗa sunaye a takarda ba ya hana ƙararrawa bugawa bayan kowane rabin sa'a, yaro ya rufe littafin lissafi ya buɗe na kimiyya kamar ba su taɓa sanin juna ba. Koyarwa bisa jigo kuwa ita ce malami ya ɗauki batu guda, watau kamar ruwa ko kasuwa, ya riƙe shi mako biyu ko uku, karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa da tsabta duk su riƙa fitowa daga cikinsa. Dabarar tsohuwa ce. Wani likita mutumin Beljiyam, Decroly, ya buɗe makaranta a kanta tun 1907. Ƙasar Uganda ta ɗauke ta a 2007 domin aji ɗaya zuwa uku, cikin harshen da yaro ya tashi da shi, Finlan kuma tun 2016 ta wajabta wa kowace makaranta yin irin wannan aƙalla sau ɗaya a shekara.

To, bari mu auna ta a Babban Mutum, garin da ke bakin iyaka cikin ƙasar Baure ta masarautar Daura, kan hanyar da ta nufi Magarya. Malamin wannan gari ba shi da bukatar neman jigo a littafi, ga iyaka nan a ƙofar makarantarsa. Kadan ya ɗauke ta, lissafi ya samu, domin mutanen ƙetare da dala su ke ƙirga kuɗin sefa, dala ɗaya faran biyar, dala ashirin faran ɗari. Yaron da ya iya mai da dala zuwa faran, ya mai da faran zuwa naira bisa farashin ranar kasuwa, ya sha ninkawa da rabawa ba tare da an ambata masa sunansu ba. Labarin ƙasa ya samu, su zana hanyar gari su sa arewa inda ta ke. Tarihi ya samu, domin tsakanin 1906 da 1908 ne Ingilishi da Faransawa suka bi suna kafa alamun wannan iyaka, a 1906 kuma aka komo da Sarki Musa daga Zango zuwa Daura. Rubutu ma ya samu. Sa'ad da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, babu gidan da bai ji a tukunyarsa ba. A aiki yaro ya tambayo kakarsa yadda aka yi, ya rubuto layi biyar. Wannan ya fi masa kwafar labarin garin da bai taɓa gani ba.

Amma fa daɗin faɗi ne da ita. Abu na farko da ta ke so shi ne malami ɗaya ya riƙe aji ɗaya tun safe har tashi, alhali kwalejojin horon malamai, irin ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da ta Tarayya da ke Katsina, galibin ɗalibansu fanni biyu su ke ɗauka, ba dukan darussan aji ba. Tana kuma son shiri. Malamin da ya shiga aji da jigo ba tare da ya rubuta abin da kowace rana za ta haifar ba, hira zai yi, mako uku su wuce yara ba su ƙaru da harafi ko ɗaya ba. Ko a Uganda kukan da malamai suka fi yi shi ne gajeren horo, da cunkoson yara, da ƙarancin littattafai. Akwai kuma sassan lissafi da haɗa baƙi waɗanda sai an bi su daki-daki kullum, jigo ba ya ɗauke wa malami wannan.

Babbar damuwa ita ce harshe. A watan Nuwamba 2025 Gwamnatin Tarayya ta soke ƙa'idar 2022 ta koyarwa da harshen uwa, ta ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga aji ɗaya. Amfanin jigo kuwa duk yana ga yaro ya kawo abin da ya sani daga gida ya faɗa da bakinsa. Yaro ɗan shekara shida a Babban Mutum ya san kasuwa sarai, amma da Hausa ya san ta. In an ce sai da Turanci zai faɗa, shiru zai yi, malami ya koma rubuta wa allo.

Abin da mu ke gani shi ne kada a jira Abuja, kada kuma a rushe jadawali. Shugaban makaranta, da yardar Sakataren Ilmi, yana iya ware mako biyu cikin kowane zango a aji huɗu ko biyar, inda yara suka fara kama karatu, a bar lissafi da karatun safe a wurinsu, sauran sa'o'i a ba jigo. Malamai su zauna tun kafin hutu su rubuta wane kan darasi na manhaja kowace rana za ta biya, domin mai duba makarantu in ya zo ya sami abin da zai duba. A ƙarshen makon na biyu a yi wa yaran gwaji irin wanda aka saba, a gwada sakamakonsu da na ajin da bai yi ba, a aika wa ofishin ilmi na Baure.