Mai karanta Tarihi a Gidan Waya ba ɗan rakiya ba ne

Jiya a zauren WhatsApp na tsofaffin ƴan ajinmu na sakandare wani ya tambayi inda kowa yake karatu. Masu Samaru suka faɗa, masu BUK suka faɗa, aka yi ta yi musu tafi. Da na ce ina Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, kusa da Kafanchan, kuma Tarihi nake karantawa, sai wani ya ce, "Allah sarki, JAMB ce ta jefa ka can?" Wani ya ƙara da cewa me zan ci da labarin matattu. Na yi shiru a can, amma a nan sai na amayar da abin da ke cikina.

Ƴan'uwa ɗalibai, mun ɗauki wata mummunar ɗabi'a. A wajenmu in ba likita ko injiniya ko lauya za ka zama ba, to rakiya ka yi. Mai karanta Tarihi ko Hausa ko darasin addini, sunansa wanda ya rasa. In kuma ƙaramar makaranta ce a Kudancin Kaduna, raini ya zama biyu. Har darussan GSE da GST, waɗanda aka sa don kowa ya san ƙasarsa da zaman tare, mun mai da su na haddar dare ɗaya, a sa wani ya rubuta maka suna a takardar halarta, kai kana ɗaki kana barci.

To bari in tambayi masu dariyar. Kun san rikicin Maris ɗin 1987 a ina ya fara? A harabar Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, tsakanin ɗalibai irinmu, a kan wa'azin da aka yi a wani taro. Cikin ƴan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona wuraren ibada, aka rasa rayuka. Ba jahilan ƙauye ne suka kunna ta ba, masu zuwa lakca ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa iya lissafi ba ya hana mutum kallon maƙwabcinsa a matsayin dodo. Kuma ƙasar da ta cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare na tsawon shekaru kafin ta dawo da shi, ai ba abin mamaki ba ne ƴaƴanta su riƙa samun tarihinsu daga saƙon murya da ake turawa a waya.

Ni kaina da na zo, wallahi duk wanda ke kudu da garin Kaduna kallon ƙabila ɗaya nake masa. A nan na san akwai Atyap da Bajju da Ham da Fantswam da Agworok, kowa da harshensa da sarautarsa. A nan na san jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan, ya tara Hausawa da Ibo da Yarabawa a gari ɗaya tun zamanin Turawa. A nan na san ƙauyen Nok da duniya ke karantawa saboda mutum-mutumin yumɓu masu shekara sama da 2,000 yana ƙasar Jaba ne, a jiharmu. Baturen Jamus ya taso ya zo yana tono yana rubutu a kai, mu kuma muna kiransa labarin matattu.

Abin da ƙaramar makaranta ke da shi kuwa, babu wurin ɓuya. A babbar jami'a kana iya shekara huɗu ba ka fita daga cikin ƴan garinku ba. A nan wanda kuke layin ɗiban ruwa da shi, shi ne wanda zai ara maka littafi ran jarrabawa, ranar Lahadi yana coci, kai ranar Juma'a kana masallaci. Abokin ɗakina da azumi shi yake tashina sahur in na makara. Na san mahaifiyarsa, na ci tuwonta. Yau in wani ya turo min saƙo cewa "su" kaza ne, sai in tambaye shi: su wa? Don ni ina da suna da fuska a gabana.

Ba zan yi muku ƙarya ba, albashin malamin makaranta ba ya kai wata, kuma iyayenmu na da hujja in sun tambayi aikin da za mu samu. Amma dan Allah masu digirin injiniya nawa kuka sani suna zaune a gida? Rashin aiki bai tambayi kwas ɗin kowa ba. Kuma ɗalibin noma a reshen KASU na Kafanchan, ko ya fi kowa sanin takin citta, ranar da ya shiga gona a Kachia aka tashi rigimar iyaka ko ta makiyaya, tarihin ƙasar da harshen mutanenta zai nema. A Amurka akwai ƙananan kwalejoji da iyaye ke biyan maƙudan kuɗi don ɗansu ya haɗa tarihi da falsafa da harshe da kimiyya kafin ya zaɓi fanni. Mu an ba mu ɗan abin da ya yi kama da haka, muna guje masa.

Ba na cewa kowa ya koma Tarihi. Ina cewa ka shiga lakcar GST da ƙafarka. Ka koyi gaisuwa da harshen abokin ɗakinka. In ƙaninka ya samu gurbi a Gidan Waya ko Kafanchan, kar ka tsorata shi da labarin da kai ma ji ka yi. In hutu ya zo, ku zo in kai ku Matsirga ku ga ruwa, mu hau dutsen Kagoro.

Wanda ya tambaye ni me zan ci da labarin matattu kuma, ga amsarka: nan da ƴan shekaru ƙila ni zan tsaya gaban allo a ajin ɗanka. Ka yi addu'a in san abin da zan faɗa masa game da maƙwabcinsa.