Idan Ɗanki Ya Ce Zai Je Wasan Taimako



Kaka ta yi, an yanke riɗi, shinkafa ta shigo gida, kuɗi ya ɗan zauna a aljihun samari. A irin wannan lokaci, da kuma kwanakin Sallah, fastoci kan fara yawo a WhatsApp da Facebook: matasan mawaƙa za su yi wasa kai tsaye ranar kaza, a wuri kaza, kuɗin shiga kaza. Wani lokaci sai ki ga an ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa wasan na taimakon wani marar lafiya ne, ko na waɗanda ambaliya ta shafa. Idan ɗanki ya miƙo miki waya ya nuna wannan layin, bakinki yakan yi nauyi. Da wasa ne kawai, kin san amsarki. Amma wace uwa ce ke son a ce ita ta hana a taimaki mai ciwo?

Hukuncin kiɗa da waƙa magana ce ta malamai, kuma kowane gida ya san inda ya tsaya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan tsaya kan abin da ke iske mu a asibiti. Abin da nake so ki riƙe shi ne, kalmar taimako ba ta isa ta hana ki tambaya ba. Ki tambayi inda kuɗin zai je, ki kuma tambayi halin da yaronki zai dawo gida.

Kafin nan, mu yi wa yaran adalci. Daga Kaugama zuwa Malam Madori har cikin Haɗeja, za ki samu samari huɗu ko biyar sun haɗa kai: wannan na fiyano, wancan na ganga, ga mai waƙa da ke mafarkin zama kamar Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker. Wasunsu sun kai ga jita mai amfani da lantarki, irin kiɗan da Turawa ke kira rok, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka yi suna da shi. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar da yanzu ke wasa a Amurka da Turai, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008. Waƙoƙinsa daga waya zuwa waya suka yaɗu kafin duniya ta san shi. Irin labarin nan ne ke hana yaranmu barci, don haka raini ba zai sa su daina ba.

Niyyarsu ta taimako ma ba ƙarya ba ce. Samarin nan ne ke cika buhuna da yashi suna tare ruwa idan Kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022. Sun ga abin da ya faru a Majiya ta Ƙaramar Hukumar Taura ranar 15 ga Oktoba, 2024, inda tankar mai ta kama wuta, fiye da mutum 150 suka rasu, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja. Yaron da ya ga haka, ba shi da gona, ba shi da albashi, sai murya da fiyano, da abin da yake da shi zai so ya taimaka.

Tara kuɗi da wasan kiɗa tsohon abu ne a duniya. Ranar 13 ga Yuli, 1985, manyan makaɗan rok sun yi wasan Live Aid a Landan da Filadelfiya a lokaci guda, don yunwar ƙasar Habasha. An tara miliyoyi, amma shekaru bayan haka ana ta muhawara kan yadda aka kashe wani ɓangare na kuɗin. Idan wasan da duniya ta zuba wa ido bai tsira daga wannan tambaya ba, ina ga na unguwarmu?

Yawanci ba sata ce ke cinye kuɗin wasan taimako ba, lissafi ne da ba a yi ba tun farko. A ce, a misali, an sayar da tikiti 200 a kan naira 1,000, an samu naira 200,000. Daga ciki za a biya hayar wuri, hayar sifiku, kujeru, man janareta na tsawon dare, mai ɗaukar bidiyo, kuɗin motar baƙon mawaƙi, da ɗan abin da za a ba masu tsaron ƙofa. Liƙin da aka yi kuma kowane mawaƙi ya ɗauka nasa ne. Gari na wayewa sai a ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. An yi tuya an manta da albasa.

A wani asibiti da na taɓa aiki, an kwantar da wani yaro da ƙashin ƙafarsa ya ruɓe yana jiran tiyata. Abokan yayansa suka shirya masa wasa, aka baza hotonsa da ƙafar a buɗe a kowace waya. Abin da ya iso hannun uban bai wuce kuɗin allurar kwana biyu ba. Abin da ya fi ciwo shi ne dangi da maƙwabta da suka yi niyyar kawo gudummawa sun janye hannu, don kowa ya ji an ce an tara masa kuɗi. Tiyatar ta ƙara makonni kafin a yi ta.

Saboda haka idan ɗanki ya nemi kuɗin tikiti, tambaye shi cikin ruwan sanyi: wane ne marar lafiyar, kuma iyayensa sun amince a sa hotonsa? Kuɗin ƙofa gaba ɗaya za a ba shi, ko abin da ya rage bayan an cire ɗawainiya? A hannun wa kuɗin zai kwana? Wasan da aka shirya da gaskiya yana da dattijo ko mai unguwa da ke riƙe da kuɗin, ana faɗin jimillar abin da aka samu a gaban jama'a a daren, sannan a biya asibiti kai tsaye a nuna rasit. Idan yaron bai san amsa ba, ki ce ya je ya tambayo. Idan kuma ɗanki na cikin masu shiryawa, wannan tambaya kariya ce gare shi, domin ranar da aka fara zargi, sunansa da na gidanku za a kira. Ba a cinikin biri a sama.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi kusa da aikina: kunne.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kusan 16,000, su ne ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, idan ta yawaita ta kashe su. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa, babu allura ko ƙwayar da ke dawo da shi.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirarmu ta yau da kullum kusan 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da illa ba. Idan ya kai 90, lokacin ya koma awa 4. Idan ya kai 100, minti 20 ne kacal a mako. A 2022 hukumar ta fitar da ƙa'ida cewa kada wuraren wasa su wuce 100, ta kuma yi gargaɗin cewa fiye da matasa biliyan 1 masu shekara 12 zuwa 35 na cikin haɗarin raunin ji. To wa ke auna sauti a wasan unguwa? Mai sifika so yake a jiyo shi a ƙauyen gaba, yara kuma rububin tsayawa gaban sifikar suke yi, daga bayan isha har tsakar dare.

Ba sai kin sayi na'ura ba. Ki koya wa yaronki wannan gwajin: idan sai ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da shi, tazarar miƙa hannu, ya ji shi, to ƙarar ta yi yawa. Ya matsa baya, ya kauce wa saitin sifika, ya riƙa fita waje lokaci zuwa lokaci kunnen ya huta. A manyan kantunan magani akan samu ɗan soson toshe kunne mai araha, ya fi auduga nesa ba kusa ba, don auduga ba ta tare ƙara sosai. Makaɗin kansa ya fi kowa buƙatarsa, tunda shi kullum yana cikin ƙarar, ga atisaye, ga situdiyo, ga iyafis a kunne har barci. Ki gaya masa mawaƙi da kunne yake cin abinci, kada garin neman gira a rasa ido.

Mu ma iyaye mata muna da namu. Sau nawa muke zuwa biki da goyo a baya, mu zauna daf da sifikar DJ daga la'asar har dare? Jariri ba zai ce miki kunnensa na ciwo ba, kuka kawai zai yi, ke kuma ki ce rigima ce. A bar jarirai da ƙananan yara a gida, ko a zauna can nesa.

Washegarin wasa, ki lura da yaronki. Idan ya ce kunnensa na ƙugi, ko yana jin magana kamar daga cikin randa, alama ce kunnen ya wahala. Sau da yawa yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma kowane maimaici yana barin tabo. Kada a ɗiga masa mai ko ruwan wani ganye, kada a soka tsinke. Idan abin ya wuce kwana biyu, ku je asibiti. Idan kuwa kunne ya daina ji farat ɗaya, ko akwai jiri, ko jini ko ruwa na fita, a tafi a ranar, don maganin irin wannan ya fi aiki idan an fara da wuri. Daga Babban Asibitin Haɗeja za a iya tura ku wurin likitan kunne a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Ki kuma san da wa zai tafi, da ƙarfe nawa zai dawo, da wanda zai tuƙa babur ɗin. Raunukan da ake kawo mana bayan taron dare sau da yawa daga hanya suke, mutum uku ko huɗu a kan babur ɗaya ba fitila. Idan 'yarki ce, kada ta tafi sai da yayanta ko wani babba da kika yarda da shi. Masu shiryawa kuma su ajiye janareta a waje nesa da taga, domin hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

In ɗanki ya kai shekara 18, yana da lafiya, nauyinsa ya kai kilo 50, ga wata shawara da za ki ba shi ya kai wa abokansa. Su sanar a wurin wasan cewa washegari za su tafi asibiti tare su ba da jini, su gayyaci masu sauraronsu. Ledar jini ɗaya ba ta da hayar kujera ko kuɗin mai da za a cire daga cikinta, kuma mu da ke ɗakin haihuwa mun san yadda ake neman ta da tsakar dare idan mace na zubar da jini. Lafiyayyen namiji zai iya bayarwa duk bayan wata uku.

Ina jiran jin naku a ƙasa, musamman ku da 'ya'yanku ke cikin harkar waƙa: yaya kuke yi da su? Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.