Horon 'Yan Sa-kai Kafin A Tura Su Ƙasashen Waje

Duk matashin da ƙungiyar 'yan sa-kai ta Amurka, watau Peace Corps, ta ɗauka yakan amince da zaman wata 27 a ƙasar waje: kamar wata uku na horo, sa'an nan shekara biyu na aiki. Watanni ukun nan na farko su ne suka fi ba shugabannin ƙungiyar wahala tun kafuwarta, kuma a Nijeriya ne aka fara gane haka.

Shugaba John Kennedy ya kafa ƙungiyar ran 1 ga Maris, 1961, ya danƙa ta a hannun Sargent Shriver. A ƙarshen Agusta na wannan shekara rukunin farko, malaman makaranta wajen 50, suka sauka a Accra, suka rera waƙa da harshen Twi a filin jirgin sama, abin da ya faranta wa mutanen Gana rai ƙwarai. A lokacin, jami'o'in Amurka ne ke horar da su. Ana yi musu lacca a kan tarihi da al'adun ƙasar da za su je, ana kai waɗansu sansani a tsibirin Puerto Rico su sha gudu da hawan duwatsu, likitocin halayyar ɗan adam kuma na biye da su suna tace waɗanda suka ga ba za su jure ba.

To, amma lacca ba ta hana tuntuɓe ba. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa daga cikin waɗanda aka horar a Harvard aka kawo Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta rubuta wa wani abokinta kati, tana bayyana irin ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani a gari. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka rarraba, suka yi zanga-zanga suna cewa a kori baƙin. Shekara ɗaya ke nan da samun mulkin kai, ba wanda ke son a tuna masa da kallon da Turawan mulki suka yi masa. Budurwar ta nemi gafara ta bar ƙasar. Abin lura a nan shi ne ta halarci dukan darussan da aka tsara mata, abin da ba ta samu ba shi ne zama da mutanen da za ta yi wa aiki kafin ta yanke musu hukunci.

Daga baya sai aka mayar da horon zuwa ƙasashen da za a yi aikin. A Jamhuriyar Nijar, inda ƙungiyar ta yi aiki daga 1962 zuwa 2011, an daɗe ana sauke sababbin zuwa a garin Hamdallaye, kusa da Yamai. Kowane ɗaya akan haɗa shi da wani gida, ya ci tuwonsu, ya kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, da safe ya tafi aji ya koyi Hausa ko Zabarmanci. Akan raɗa masa suna irin na gida, a koya masa gaisuwa mai tsawo da cin abinci da hannun dama, kuma ba a rantsar da shi sai ya ci jarrabawar harshe. Dalilin a fili yake: mai koyar da aikin gona ko kiwon lafiya da ba ya iya gaida maigari ba zai tara ko mutum goma a ƙofar fada ba. An janye 'yan sa-kan daga Nijar a Janairun 2011, bayan da aka sace waɗansu Faransawa biyu a Yamai.

Wannan tarihi ya shafi Nijeriya, domin ita ma tana tura nata. A 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, Ministan Harkokin Waje Farfesa Bolaji Akinyemi ya ƙirƙiro shirin Technical Aid Corps, wanda ke aika likitoci da malamai da injiniyoyi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da yankin Karibiyan da na tekun Pasifik, kamar Gambiya da Uganda da Jamaika da Fiji. Waɗannan ƙwararru ne masu takardu da gogewa, ba sababbin fitowa daga makaranta ba, saboda haka taƙaitacciyar bita ake yi musu kafin tashi. Sai dai ana iya yin kuskuren ɗauka cewa tun da baƙar fata ne zai je wurin baƙar fata, kuma Turanci ne harshen ofis, ba ya bukatar wani shiri. Likitan da aka tura asibiti a karkarar Gambiya zai tarar majinyatansa Mandinka ko Wolof ko Fulatanci suke ji. Idan ba a ware masa makonni ya koyi harshen tun da fari ba, tafinta ne zai riƙa tsayawa tsakaninsa da mara lafiya har wa'adinsa ya cika.