Wasiƙa a Buɗe ga Masu Sana'ar Ƙofofin Lantarki

Zuwa ga masu haɗawa da gyaran ƙofofin kati da na zanen yatsa a bankuna, asibitoci, otal-otal, makarantu da ofisoshi.

Ƙofar lantarki aiki biyu gare ta: ta hana wanda ba shi da izini shiga, ta kuma bar wanda ke ciki ya fita ko me ya faru. Mai gini saboda na farko yake biyan kuɗi, amma na biyun ne ya fi nauyi a wuyan ma'aikaci, domin a nan ake asarar rai.

Makulli iri biyu aka fi sani. Na maganaɗisu yana riƙe ƙyaure ne muddin wuta na shiga cikinsa. Ƙaramin yakan jure turin kimanin kilo 280, babban kuwa kusan 540, kuma da wuta ta yanke sai ya saki. Na sakata kuwa, yawancinsa a kulle yake zama idan ba wuta, don haka ya fi dacewa da ɗakin ajiya ko na kwamfutoci, bisa sharaɗin akwai hannun da ke buɗe shi daga ciki. Inda ake yawan ruɗuwa shi ne a ɗauka cewa ƙofar maganaɗisu za ta buɗe da kanta ranar gobara. Ba za ta buɗe ba idan batir yana ciyar da ita. Wajibi ne a haɗa ta da ƙararrawar gobara, a kuma sa koren akwatin gaggawa a kan wayar da ke kai wa makullin wuta kai tsaye, yadda fasa shi zai yanke wutar ko da akwatin sarrafawa ya mutu. Wannan shi ne gwajin farko a kowace ziyara, kuma a gaban mai ginin ya kamata a yi shi.

Bayan wannan sai wuta, wadda ita ce tushen yawancin ƙorafi. Batirin da aka saba sawa, mai bolt 12 da ƙarfin amfiya-awa 7, yakan yi shekara 3 zuwa 5 a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin wannan wa'adi. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara kan haura digiri 40, akwatin da aka ɓoye cikin silin ƙarƙashin kwano ba zai kai ko kusa da haka ba. Ya kamata a rubuta ranar sawa a jikin batir, a nema wa akwatin wuri mai iska. Ɗora mita a kan batir yayin da caja ke aiki ba gwaji ba ne, domin bolt 13.6 zuwa 13.8 da za a gani na cajar ne. Gwaji na gaskiya shi ne a kashe wutar gari, a bar makullai su ja daga batirin, a ga tsawon lokacin da zai ɗauka. Haka nan a bakin makulli ake auna wuta, ba a akwati ba, saboda siririyar waya mai tsawo tana zubar da ƙarfi a hanya. Ginin da ke sauyawa tsakanin wutar gari, janareta da sola sau da yawa a yini yana bukatar na'urar kare tashin wuta, makullin sakata kuma yana bukatar dayod a bakinsa don kada wutar da ke komowa ta ƙona akwatin sarrafawa.

Sau da yawa laifin ma ba na lantarki ba ne. Ƙyaure ya zauna, ko ƙarfen da ke mayar da ƙofa ya saki, ko an ɗaure farantin maganaɗisu tamau alhali ana barinsa ne ya ɗan yi motsi a kan robarsa don ya kwanta daidai. Ƙurar hunturu ma kan shiga tsakani ta rage riƙo. Ƙyalle busasshe ya isa. Na'urar zanen yatsa kuma tana wahala da busasshen hannu, da yatsun magina, masu wanki da tsofaffi. Maganin shi ne a yi wa kowa rajistar yatsa a kowane hannu, a tanadi kati ko lambar sirri. In ba haka ba ma'aikatan ginin za su gaji su tokare ƙofar da dutse, kuɗin da aka kashe ya tashi a banza.

Batun sabuntawa ya fi bukatar gaskiya. Mai gini yakan nemi sabuwar na'ura mai ƙyalli a bango, alhali raunin yana cikin katin da wayar. Tsohon kati mai zangon kilohaz 125 lambarsa kawai yake faɗa wa duk na'urar da ta matso, kuma ana kwafarsa cikin daƙiƙoƙi da ƙaramar na'ura mai araha. Katin MIFARE Classic ma an karya sirrinsa tun 2008, kuma masu bincike na Jami'ar Radboud da ke ƙasar Holan suna cikin waɗanda suka nuna hakan. A 2024 wasu masu bincike suka bayyana rauni a makullan otal na Saflok, wanda ya shafi ƙofofi kimanin miliyan 3 a duniya. Abin da ya dace a koma gare shi shi ne irin su DESFire EV2 ko EV3, masu kulle bayanai da tsarin AES. Sai dai a kula: idan aka saita na'ura ta karanta lambar jikin katin kawai, ba ta buɗe ɓoyayyen sashensa da mabuɗin sirri ba, to an sayi kati mai tsada an mayar da shi tsohon yayi. Wannan ha'inci ne ko da ba da gangan aka yi ba.

Wayar da ke tsakanin na'urar bango da akwatin sarrafawa ita ma haka. Tsarin Wiegand yana aika lambar kati a fili, ta fuska ɗaya; a sanannen salonsa mai ɗigo 26, lambar gini ba ta wuce 255, ta kati kuma 65,535, saboda haka katunan gine-gine daban kan iya yin karo. Wanda ya kwance na'urar ya maƙala ƙaramin abu a wayar zai kwashe lambar duk mai wucewa. Tsarin OSDP, wanda hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya IEC ta amince da shi a 2020, yana magana ta fuska biyu, yana sanar da akwati idan an cire na'ura, yana kai mita 1,200 inda Wiegand ke tsayawa wajen 150, kuma yana ɓoye saƙo, amma sai an kunna wannan kariya da hannu.

Ba lallai a tumɓuke komai rana ɗaya ba. A fara da ƙofofin waje da ɗakunan kuɗi da magani, a sa na'urorin da ke karanta tsohon kati da sabo, a raba sababbin katuna, sannan a sa rana a kashe karatun tsohon. Matakin ƙarshen nan ne ake yawan mantawa, kuma muddin ba a yi shi ba, ba a sabunta komai ba.

Saura amanar bayanai. A canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani, a goge sunan duk wanda ya bar aiki, a daidaita agogo bayan doguwar ɗaukewar wuta don rajistar shige da fice ta zama abin dogaro, a ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa zanen yatsa cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman, don haka ba a kwashe su a filashi a yawo da su. Kalmar sirrin shugaban tsari da zanen wayoyi kuma haƙƙin mai gini ne. Ma'aikacin da ya riƙe su don a ci gaba da nemansa ya ci amanar sana'a. A miƙa su a rubuce ranar da aka kammala aiki, a kuma liƙa kwafin zanen a cikin murfin akwatin saboda wanda zai zo gyara daga baya.

Wassalam.