In Ruwa Ya Cinye Hanya, Wa Zai Ɗauki Asara?

A cikin watan Oktoba na 2022 kogin Kwara da na Binuwai suka cika suka batse, har ruwa ya shanye hanyar mota a Koton Karfe, arewa da Lakwaja. Manyan motoci suka yi jerin gwano kwana da kwanaki, waɗansu ɗauke da shanu da albasa da hatsi za su Kurmi, waɗansu kuwa ɗauke da goro da manja za su Arewa. A cikin wannan watan ne kuma, ran 17, kamfanin nan na NLNG mai sarrafa iskar gas a Bonny ya ba da sanarwa cewa ambaliya ta hana masu kawo masa gas aiki, saboda haka ya jingina da wani sharaɗi da ke rubuce cikin takardun cinikinsa. Mai albasar da ta ruɓe a bakin ruwa kuwa ba shi da takarda ko ɗaya. Abin da yake da shi kawai shi ne ya ce wa wanda ya ba shi kuɗin ajo a Mil 12, "Alhaji, ikon Allah ne."

Lalle ikon Allah ne, babu Musulmin da zai musa. Amma wannan kalma ba ta faɗi wanda zai ɗauki asara ba, kuma a nan ne ake ɓata zumuncin shekara ashirin.

Sharaɗin da kamfanin ya jingina da shi lauyoyi suna kiransa da wani suna na Faransanci, wanda ma'anarsa ita ce ƙarfin da ya rinjayi mutum. Watau tun ranar ƙulla ciniki ake rubutawa cewa idan wani abu ya auku wanda ba a zata ba, ba kuma da hannun ɗayansu ba, kamar yaƙi ko annoba ko ambaliya ko dokar gwamnati, har ya hana mutum cika alkawari, to ba za a ɗora masa diyya ba. A kan rubuta kwana nawa za a jira shi, da kuma abin da za a yi in wa'adin ya cika abin bai gushe ba.

Kowa ya san yadda 'yan Arewa mazauna Kurmi suke cinikinsu, a Sabon Badun ne ko Agege ko Shagamu ko Anacha. Da baki ake ƙullawa, dillali ya sallama, mai gida ya tsaya wa baƙonsa, a ba da shanu bashi ba tare da an sa hannu a komai ba. Wannan amana abin alfahari ce, ita ce ta riƙe fataucin shanu da goro tun zamanin jirgin ƙasa. Sai dai tana da gurbi guda. Ba a zancen asara sai ta auku, sa'an nan a kwasa a tafi gaban Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa. A irin wannan zama, duk da ƙoƙarin dattawa, wanda ya fi buƙatar ɗan'uwansa gobe shi ne yakan haƙura, kuma galibi shi ne mai ƙaramin jari.

In kuwa abokin cinikin ba ɗan zango ba ne, to magana kotu za ta, kuma kotunan Ikko da Badun da Fatakwal a kan dokar ciniki da aka gada daga Ingila suke tafiya. A wannan doka alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka sai ya sauke. Idan babu sharaɗi a rubuce, alƙali ba ya yafe wa mutum sai cika alkawarin ya gagara ƙwarai, ko kuwa abin ya rikiɗe ya zama wani daban da wanda aka ƙulla. Haka Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke a 1978, cewa yaƙin basasa ya warware yarjejeniyar hayar wani gida a Fatakwal. Amma tsada ko wahala kawai ba uzuri ba ne, kuma akwai wata shari'ar gyada da ta bayyana wannan sarai.

Ran 4 ga watan Oktoba na 1956 wani kamfani ya sayar wa wani kamfanin Jamus gyadar Sudan tan 300, a kan fam 50 kowane tan, bisa sharaɗin za a yi lodinta a Bur Sudan cikin Nuwamba ko Disamba zuwa Hambug. Su duka biyu sun ɗauka ta mashigin Suwez jirgi zai bi, gama ita ce hanyar da kowa yake bi. Sai Ingila da Faransa da Isra'ila suka auka wa Masar, mashigin ya toshe ran 2 ga Nuwamba, ba a buɗe shi ba sai Afrilun 1957. Hanyar da ta rage ita ce a kewaye Afirka ta kudu, tafiyar da ta wuce mil 11,000 maimakon mil 4,400 ko ƙasa da haka, kuɗin dako kuma ya tashi daga fam 7 da sule 10 zuwa fam 15 a kan tan. Mai gyada ya ce ciniki ya warware, ya ƙi yin lodi. Abin lura, akwai sharaɗin uzuri a takardarsu, har an ambaci yaƙi a ciki. Duk da haka, da shari'ar ta kai Majalisar Dattawan Ingila, wadda ita ce kotunsu ta ƙarshe a lokacin, sai alƙalai suka yanke a 1961 cewa sharaɗin ya yi zancen abin da zai hana lodi ne, ga shi kuwa babu abin da ya hana a ɗora gyada a jirgi. Hanya ta yi nisa, dako ya ninka, amma akwai hanya. Aka tabbatar masa da diyyar fam 5,625, watau bambancin kuɗin da ya sayar da kuɗin da gyada ta kai a kasuwa. Gyada dai ta tashi a lokacin, kuma ba a rasa mai uzurin da tashin kasuwa ne yake ƙara masa ƙarfin murya.

Alƙalan sun lura da cewa gyada ba ta lalacewa don doguwar tafiya, kuma ba a yanka ranar isowarta ba. Wannan ya shafi ɗan kasuwar Arewa kai tsaye. Mai wake ko masara, in Lakwaja ta toshe, da wuya a karɓi uzurinsa muddin ana wucewa ta Jebba ko ta Makurɗi, ko da man mota ya cinye ribarsa. Mai tumatir kuwa yana da abin faɗi. Haka nan tashin kuɗin fetur bayan janye tallafi ran 29 ga watan Mayu na 2023 ya jigata kowa, amma shi kaɗai ba ya sauke wa mutum alkawarin da ya ɗauka.

Akwai masu cewa rubuta irin wannan sharaɗi fatan tsiya ne, ko kuwa rashin yarda da ɗan'uwa, ko al'adar Nasara. Wannan magana ba ta da tushe. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Malaman mazhabar Malikiyya kuma sun daɗe da tsara hukuncin bala'in da ya faɗa wa ciniki. A cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamai har a zangunan Kurmi, an nuna cewa wanda ya sayi 'ya'yan itace a kan bishiya, in fara ko sanyi suka halaka sulusi ko fiye, za a rage masa kuɗi gwargwadon abin da ya halaka, in kuwa bai kai sulusi ba shi zai ɗauka. An kuma nuna cewa mai jirgin ruwa ba ya biyan kayan da suka nutse, amma ba shi da kuɗin dako sai ya kai kaya. Malaman nan sun fi kowa sanin ƙaddara, amma ba su bar mutane su yi ta jayayya bayan ta sauka ba.

Sai dai sharaɗin nan wuƙa ce mai baki biyu. Waɗanda suke samun kwangilar kai shanu ko hatsi ga otal-otal da masana'antu da ma'aikatun gwamnati, takarda ake miƙo musu da Turanci, lauyan mai saye ne ya rubuta ta, su kuwa su dangwala hannu don ɗokin samun aiki. Sau da yawa sharaɗin yakan kare mai saye ne kaɗai: in injinsa ya tsaya yana iya ƙin karɓar kaya, amma in hanya ta yanke wa mai kawowa sai tara. A kan kuma yanka 'yan kwanaki da dole a ba da sanarwa a rubuce cikinsu, wanda ya wuce su ya zubar da haƙƙinsa ko da gaskiyarsa ta kai ina. Kiran waya a ce "mota ta maƙale" ba lalle ya wadatar ba. Kuɗin da za a ba lauya ya karanta takarda kafin a sa hannu bai kai kuɗin sa guda ba.

Ƙungiyoyin fataken shanu da na kayan gwari da na goro su ne ya kamata su ɗauki wannan aiki, gama suna karɓar kuɗin ƙungiya a kan kowace mota. Ba abu ne mai wuya ba su sa a tsara takarda mai shafi ɗaya, da boko da ajami da Turanci, wadda za ta faɗi daga wane wuri kaya suka fita hannun mai su, abubuwan da za a ɗauka uzuri har da rufe hanya da tarzomar kasuwa irin ta Shasha a Badun cikin Fabrairun 2021, kwana nawa za a jira, da makomar kuɗin ajo da na dako in kaya ba su iso ba. Dillali da mai gida su sa hannu a matsayin shaidu, kowa ya riƙe tasa, a ajiye ta uku a ofishin ƙungiya kafin mota ta bar tasha.